Sankarar bakin mahaifa: a tare ta tun ba ta keta tantani ba

Edita,

Assalamu alaikum. Muna roƙon fili a wannan jarida mai albarka, domin mata da yawa ba sa zuwa gwajin bakin mahaifa sai sun ga jini bayan saduwa ko ruwa mai wari. A lokacin kuwa, galibi cutar ta riga ta yi nisa.

Fatar bakin mahaifa ƙwayoyin halitta ne jere kamar tubalin gini, wasu furotin kuma na yi musu aikin siminti. Babbansu shi ne E-kadherin, wanda ke ɗaure ƙwaya da maƙwabciyarta da taimakon sinadarin kalsiyam. Daga ƙasa kuma akwai intagirin, masu kafe ƙwayoyin a kan wani siririn tantani da ya raba fatar da naman da ke ɗauke da jijiyoyin jini.

Ƙwayar cutar HPV, wadda ake ɗauka ta hanyar saduwa, musamman nau'i na 16 da 18 da ke haddasa kusan kashi 70 cikin 100 na wannan sankara, tana fitar da furotin biyu, E6 da E7. Ban da kashe masu tsaron ƙwayar halitta, wato p53 da pRb, suna rage samar da E-kadherin. Illa biyu ke nan: riƙo ya yi sako-sako, su ma ƙwayoyin garkuwar jiki da ke gadin fatar, da yake da E-kadherin suke maƙalewa a wurin, sai su ragu, cutar ta sami mafaka. Can gaba ƙwayar halittar ta koma yin N-kadherin, wanda ke ba ta damar tafiya, a kuma saki sinadaran MMP-2 da MMP-9 su narkar da tantanin. Daga nan sai cutar ta bazu zuwa kaluluwar ƙugu, mafitsara da dubura. In ƙarin ya danne bututun fitsari, ƙoda ta gaza.

Abin da muke so a riƙe shi ne, muddin tantanin nan bai huje ba, ba sankara ba ce tukuna, kuma warkewa na da sauƙi. Tafiyar kan ɗauki shekara 15 zuwa 20, ko 5 zuwa 10 ga mai raunin garkuwa, kamar mai HIV da ba ta shan magani. Duk tsawon lokacin nan ba ciwo, ba alama.

Gwajin ba wuya. Ma'aikaciya za ta shafa ruwan binega mai ƙarfin kashi 3 zuwa 5 a bakin mahaifa, ta jira minti ɗaya cur. Wurin da ya ɓaci zai yi fari. Masu gaggawar dubawa kafin minti ya cika su ke tsallake cutar. Ƙaramin tabo ana ƙone shi da na'ura mai zafin digiri 100 cikin daƙiƙa 20 zuwa 30. Babba, ko wanda ya shige ciki, sai an yanke shi da zoben waya mai lantarki. Hukumar Lafiya ta Duniya ta fi son gwajin HPV daga shekara 30, kowace shekara 5 zuwa 10, masu HIV kuma daga shekara 25.

A watan Oktoba na 2023 Najeriya ta fara yi wa 'yan mata masu shekara 9 zuwa 14 rigakafin HPV kyauta. Iyaye, don Allah ku kai 'ya'yanku. Sai dai allurar ba ta warkar da wadda ta riga ta kamu, saboda haka muna kira ga ma'aikatun lafiya na jihohinmu su kai kayan gwaji da na'urar ƙonawa ƙananan asibitocin karkara, a duba mace a yi mata magani a rana ɗaya.

Daga wasu likitocin mata, Kano