Zuwa Ga Ɗana Aminu, Kan Gidan Tudun Wada

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa da fatan kuna lafiya, kai da iyalinka.

Hajiyarka ta shaida mini ka je wurin lauya, wai sai ka maka Baffanka a kotu. Ba da yawuna ba, Aminu.

Na san dillalan da aka gani suna zagaya gidan ne suka harzuƙa ka. Gaskiyarka ce, fili nasa ne, gini kuɗin sallamata ne na masaƙa, muka kuma yi da baki cewa rabi da rabi ne. Takardar KADGIS, hukumar filaye ta Kaduna, sunansa kaɗai take ɗauke da shi. Kada ka sake jawo mini aya ta 282 ta Baƙara mai umarni da a rubuta bashi, na haddace ta tun ba a haife ka ba. A zamaninmu ba ka miƙa wa wanda kuka sha nono ɗaya biro ka ce ya sa hannu.

Ba gidan ne ke hana ni barci ba. A kotun Shari'a hujja tana kan mai da'awa, rantsuwa kan wanda ya musa. Shaidunmu biyu ne: Liman ya rasu, magini kuwa tsufa ya fara taɓa masa tunani. In ya kasa tsayawa, alƙali zai miƙa wa Baffanka Alƙur'ani. Na san ƙanena. In zuciya ta ɗebe shi a bainar jama'a, zai dafa don gudun kunya. To, ni zan kai shi ga rantsuwar ƙarya saboda bulo da kwano? Me zan ce wa Inna ranar gobe? Kai da ya goya a Vespa zuwa makaranta, yau kai ne mai kai masa sammaci? Boko bai koya maka haka ba, zafin kai ne.

Na san don ƙannenka kake yi, Allah ya yi maka albarka. Ka adana rasiɗan siminti da ke akwatina. Za mu zauna da mai unguwa da Gwaggonku, a yi sulhu, a rubuta gaban shaidu biyu, sannan a nemi gyaran takarda. In ma sayar da kasonsa Baffanka yake so, shuf'a, wato haƙƙin abokin tarayya, ta ba ni damar karɓa kafin bare.

Ka dakatar da lauyan nan. Ka same ni ranar Juma'a bayan an sauko daga Masallacin Sultan Bello, mu je mu gaishe da Baffanka tare. Ka zo da goro.

Mahaifinka.