Godiya ga Shagon Ɗinkin Littattafai da Ya Ceto Mana Littafin Wasa

Assalamu alaikum wa rahmatullah.

Na rubuto wannan wasiƙa a bainar jama'a ne domin in gode wa wani shagon ɗinkin littattafai da buga takardu da ke cikin garin Sakkwato, da maigidan shagon, dattijon da duk muke kira Baba, da yaransa biyu. Ya roƙe ni kada in sa sunansa, na kuwa bi maganarsa. Amma aikin da ya yi mini ya fi ƙarfin godiyar baki a ƙofar shago, shi ya sa na ɗauki alƙalami.

Ni malamin makaranta ne a Mabera. Duk ranar Asabar bayan La'asar, ni da ƙannena da wasu tsofaffin ɗalibaina mukan shimfiɗa tabarma a zaure mu yi wani wasa da ba a saba gani ba a nan. Wasan labari ne. Mutum ɗaya ke jan labarin, sauran kowa ya ɗauki jarumi guda, ya faɗi abin da jaruminsa zai yi, sai a jefa dayis a ga ko ya yi nasara. A Amurka aka fara sayar da irin wannan wasa a 1974, lokacin da Gary Gygax da Dave Arneson suka fitar da Dungeons & Dragons. Namu kuwa shi ne na Star Wars, finafinan yaƙin sararin samaniya na Amurka, wanda kamfanin West End Games ya fitar a 1987. Abin da ya sa ya zauna mana daidai shi ne ba ya buƙatar komai sai dayis mai fuska shida, irin na lido, wanda ake samu a kasuwa ko'ina. Idan takardar jarumi ta ce ƙwarewarsa a tuƙin jirgin sararin samaniya 4D ce, dayis huɗu zai jefa a haɗa jimilla. Aiki mai sauƙi yana neman jimillar 6 zuwa 10, matsakaici 11 zuwa 15, mai wuya 16 zuwa 20. Yaron da ke gudun lissafi a aji, a zaure shi ke riga kowa haɗa lamba.

Littafin da ake magana a kai shi ne Tales of the Jedi Companion, littafin ƙari na wannan wasa da ya fito a 1996. An gina shi ne a kan jerin labaran zane da kamfanin Dark Horse ya fara bugawa a 1993, waɗanda suka koma baya wajen shekara 4000 kafin labarin finafinan. A ciki ake samun bayanin jarumai da duniyoyi da jirage da dabbobi, kowanne da lambobinsa na wasa. Yaranmu sun fi son duniyar Onderon, saboda babban birninta Iziz kewaye yake da ganuwa, mutanen daji kuma suna kawo masa hari a kan manyan dabbobi masu tashi. Ɗan Sakkwato da ya tashi yana jin Ƙofar Marke da Ƙofar Atiku da Ƙofar Kade ba sai an yi masa dogon bayanin birni mai ganuwa ba. West End Games, kamfanin da ya buga littafin, ya karye a 1998, izinin Star Wars ya bar hannunsa, don haka an daɗe da daina buga shi. Wani ɗan'uwana da ke karatu a Ingila ne ya samo mini kwance, ya aiko da shi ta hannun mai dawowa gida.

Zafin watan Afrilu ne ya fara cin gam ɗin gindinsa, shafuka suka soma ficewa ɗaya bayan ɗaya. Sai kuma ruwan Agusta ya shigo ta taga da dare, ya jiƙa rabin littafin. Da safe na tarar da shi ya kumbura, shafuka sun manne, bango ya rabu da jiki. Wurin da na fara kai shi, cewa suka yi za su datse gindin da injin yanka, su huda, su sa masa zoben roba. Da an yi haka, da an cinye gefen zane-zane da jadawalin lambobi. Na karɓo abina na fito, raina a jagule.

Baba bai yi saurin karɓar aikin ba. Ya goge hannunsa, ya sa tabarau, ya buɗe littafin a hankali da bakin farce. Ya daɗe yana kallon wani zane na mace riƙe da takobin haske, sannan ya ɗago ya ce, “Malam, mi a wanga? Ba ni ɗunka littahin da ban san abin da ka ciki ba.” Na yi masa bayani. Da na ambaci dayis sai fuskarsa ta canza, ya tambaye ni kai tsaye ko ana sa kuɗi. Na ce masa ko sisi ba a sawa, ba a cin kowa, ba a ma samun wanda ya kayar da wani, domin duk 'yan wasan ɓangare ɗaya suke, kuma da an kira Magariba muke naɗe tabarma. Ya tambayi shekarun yaran, ya tambaya ko iyayensu sun sani. Wallahi tambayoyin nan sun ƙara masa girma a idona. Uba ne yake tambaya, kuma haƙƙinsa ne ya san abin da hannunsa zai taɓa. Da ya gamsu sai ya ce, “To, bar shi nan. Kada ka matsa mini, aikin ga ba shi son gaggawa.”

Kwana goma sha ɗaya littafin ya yi a wurinsa, na kuma leƙa sau uku. A zuwan farko na iske babban yaronsa zaune a ƙasa yana raba shafukan da suka manne da wata siririyar wuƙa marar kaifi, yana sa farar takarda a tsakanin kowane biyu domin ta tsotse danshi. Ba su shanya shi a rana ba. Baba ya ce rana na busar da takarda amma tana murɗe ta, tana kuma kashe launi. A inuwa suka bar shi, tsakanin katako biyu, da nauyi a sama, kullum ana sauya fararen takardun. A zuwa na biyu na tarar an kankare tsohon gam tas, an jera shafuka bisa lamba, an liƙa wa waɗanda suka yage siririyar takarda ta gefen ciki, yadda allura za ta sami wurin kamawa ba tare da ta taɓa rubutu ba. Baba da kansa yake ɗinkin, da zare mai ƙarfi da ya shafa wa kakin zuma, yana ja yana dannawa da babban yatsa. A nan ne ƙaramin yaron ya gano cewa shafi ɗaya ya ɓata. Da an ɗinke a haka ba zan lura ba sai ranar da na neme shi. Suka tsayar da aiki, suka kira ni a waya. Na koma gida na birkice ɗaki, na same shi a bayan akwati.

Maganar bango kuwa, shawararsa ce. Na ce a sa kwali da leda irin na furojet ɗin ɗalibai. Ya ce littafin da ake buɗewa duk mako a hannun yara ba zai kai shekara a haka ba. Ya aika wurin wani baduku aka kawo jemammiyar fatar jar akuya, ya fefe ta har ta yi laushi, ya lulluɓe gindin da kusurwoyi huɗu, sannan ya manna tsohon hoton bangon a kan sabon kwali yadda littafin bai rasa fuskarsa ba. Fatar jar akuyar Sakkwato tun zamanin fatake take tsallaka Sahara zuwa arewacin Afirka, daga can ta shiga Turai, inda ake kiranta fatar Maroko, ana yi wa littattafai masu daraja bango da ita. Yau ga ta a jikin littafin da aka buga a Amurka, an ɗinke shi a garin da fatar ta fito. Da ya miƙo mini shi, na buɗe, ya kwanta shimfiɗe a kan tebur ba tare da ya yi ƙara ba. Ƙamshin sabuwar fata na tashi. Na kasa magana na ɗan lokaci.

Akwai kuma takardun jarumai da na tsara da Hausa da kaina, masu gurbin ƙarfi da sani da lura da sauransu. Sun buga mini su a kan takarda mai kauri da ke jure gogewa da fensir. Ranar babu wuta, suka tada janareto saboda aikina kaɗai, ba su ƙara mini ko kwabo ba. Kuɗin da Baba ya faɗa tun ranar farko shi ya karɓa. Na ɗora masa wani abu a kai, ya ture hannuna ya ce in saya wa yaran zaure fensir.

Baba, na gode. Allah ya saka da alheri, ya ƙara lafiya da hasken ido, ya yi wa sana'a albarka, ya jiƙan magabata. Ku ma samarin shago, Allah ya ba ku naku wurin, ya sa ku gaji hannun maigidanku. Ƙaramin ya tambaye ni ko zai iya zuwa ya ga yadda ake wasan, Baba kuma ya ba shi izini. Mun riga mun cike masa takardar jarumi, matuƙin jirgi ne. Muna jiransa ranar Asabar bayan La'asar.

Naku,
Wani malamin makaranta,
Mabera, Sakkwato.