Sanarwa kan aikin titi da motocin da ke ratsa layinmu

Assalamu alaikum iyaye da ƴan uwa, barkanmu da warhaka.

Tun da aka datse babban titi saboda aikin kwalta da magudanan ruwa, duk mai zuwa Ƙofar Ƙaura ko babbar kasuwa ta layinmu yake ɓullowa. Kun dai ga yadda ake cakuɗewa a kwanar masallaci lokacin tashin ƴan Islamiyya: Keke Napep ta shigo, tifa ta tare gaba, ƴan acaba na kutsawa, yara kuma a tsakiya. Ƙurar ma ba a magana.

Don haka za mu zauna ranar Asabar bayan sallar Isha'i a ƙofar gidan Mai Unguwa. Kowane gida ya turo mutum ɗaya da naira 1,000, kuɗin tankar yayyafa ruwa da rigunan matasan da za su riƙa ba da hannu safe da yamma. Za mu kuma zaɓi waɗanda za su kai takarda ofishin KASSAROTA, hukumar kula da zirga-zirgar ababen hawa ta Jihar Katsina, a taimaka mana da jami'i, a hana tifofi bi ta nan.

Kafin nan, masu motoci don Allah a daina ajiye su bakin layi. Masu tebura a ɗan ja baya. Iyaye mata, a haɗa ƙanana da babba in za su tsallaka.

Allah ya tsare mu, ya bar zumunci. Na gode.

Sakataren unguwa