Rigimar gona: alƙali hujja yake bi, ba tsawon bayani ba

Malam Edita, assalamu alaikum.

Ka ba ni fili in yi magana kan abin da ke cika kotunan shari'a na yankinmu da zarar an fara sharar gona. Daga Ringim har Gumel, da wuya ka leƙa kotu a wannan lokacin ba ka tarar da masu rigimar gona ba. Wanda bai yi nasara ba sai ya fito yana cewa an saye alƙali. Ban ce ba a samun ɓata-gari ba, amma sau da yawa da bakinsa kawai mutumin ya je.

Ƙa'idar tana cikin hadisi: hujja tana kan mai da'awa, rantsuwa kuma tana kan wanda ya musanta. Idan ka ce gonar da ke hannun wane taka ce, kai za ka kawo shaidu, shi ba ya buƙatar kawo kowa tukuna. A mazhabar Malikiyya da kotunanmu ke bi, a sha'anin dukiya ana karɓar maza biyu adalai, ko namiji ɗaya da mata biyu, ko shaida ɗaya haɗe da rantsuwar mai da'awa. To amma ba kowa ne shaida ba. Ɗa ba ya yi wa ubansa shaida, haka wanda ke da rabo a gonar, haka wanda aka san yana gaba da wanda ake ƙara. Abokin shari'a yana da damar sukar shaidunka, kuma in sukar ta tabbata, ka koma kamar ba ka kawo kowa ba. Sai ka ga mutum ya cika mota da 'yan'uwansa, a tantance a rasa ko mutum biyu.

Inda aka fi shan wahala shi ne jingina. Magidanci ya karɓi kuɗi ko buhunan gero a shekarar yunwa, ya ba da gonarsa a riƙe, ba rubutu. Shi ya rasu, wanda ya karɓa ya rasu, dattawan da aka yi a gabansu sun bi su. 'Ya'yan wannan su ce jingina ce, 'ya'yan wancan su ce ciniki ne. A nan hauzi, wato daɗewar riƙo, ke shigowa: wanda ba ɗan'uwa ba, in ya shekara 10 yana noma gona a matsayin tasa, mai ita yana gari, yana gani, bai ce uffan ba, kuma ba wani uzuri da ya hana shi, to da'awar mai gonar ta yi rauni ƙwarai. Tsakanin dangi wa'adin ya kai shekara 40. Jingina da aro ba sa zama mallaka komai daɗewa, amma fa sai ka tabbatar da cewa jinginar ce aka yi. Da me za ka tabbatar?

Shi ya sa takarda ta fi ƙarfin wasa. A rubuta a fili ko sayarwa ce, ko jingina, ko aro. A sa sunayen maƙwabtan gonar ta gabas, yamma, kudu da arewa, kada a tsaya ga "gonata ta bakin fadama". Kuɗin a rubuta shi da lamba da kuma kalmomi, a sa kwanan wata, kowa ya dangwala yatsa, mai unguwa ko dagaci ya buga hatimi, kowane ɓangare ya riƙe kwafi. Cikin shaidu a sa matasa, kada a tara tsofaffi zalla. Iyaka kuma a dasa mata gamba ko itace tun ana shiri, domin ranar da alƙali zai zo gani da ido abin da ke ƙasa zai duba, kunyar da garma ta ci kuwa ba ta magana.

Abu na ƙarshe, kafin yanke hukunci alƙali yakan tambaye ka ko kana da sauran hujja. Wannan shi ne i'izari, kuma kotun sama kan rushe hukuncin da aka yanke ba tare da shi ba. Mutanenmu don kunya ko gajiya sai su ce "babu", alhali akwai shaida da ya tafi cin rani Legas. In haka ne, ka faɗi sunansa, ka roƙi a ɗaga zaman har ya dawo.

Wassalam.

Mai karatu daga ƙaramar hukumar Ringim, Jihar Jigawa