Godiya ga Ofishin IANA, Masu Riƙe da Kundin Sunayen Hidimomi

Zuwa ga ma'aikatan ofishin IANA, hukumar da ke rajistar sunaye da lambobin intanet,

Bayan gaisuwa da fatan alheri. Ni mai kula da kwamfutoci ne a wata makaranta a Kano. Na daɗe ina cin moriyar aikinku ban taɓa buɗe baki na ce na gode ba, alhali yabon gwani ya zama dole.

Kowace kwamfuta mai ba da hidima tana da ƙofofi daga 0 har 65535, kuma kundinku ne ke faɗa mana wace hidima ke zaune a wace ƙofa: ssh ta shiga kwamfuta daga nesa a 22, smtp ta aika imel a 25, https ta buɗe shafukan intanet cikin tsaro a 443. Hausawa sun ce suna linzami ne, ni kuwa a aikinku na ga haka da idona. Ana gobe za a raba sakamakon jarabawa muka mayar da rumbun bayanan ɗalibai kan sabuwar kwamfuta, sai malamai suka kasa shiga, kowa yana kirana a waya. Na buɗe fayil ɗin /etc/services, wanda daga kundinku aka ɗebo abin da ke cikinsa, na ga postgresql, manhajar da ke riƙe da rumbun namu, a 5432. Da na leƙa katangar tsaro, ashe ƙofar a rufe take. Ina buɗe ta aiki ya tashi, na yi ajiyar zuciya.

Yaran da nake koya wa aiki sukan rikita sunayenku da sunan hidima na Oracle, wata manhajar rumbun bayanai, wanda ake rubutawa a fayil ɗin tnsnames.ora. Nakan ce musu wancan mai rumbun ne ke raɗa wa nasa, kamar uba da ɗansa. Naku kuwa na kowa ne, ma'anarsa a Kano ita ce ma'anarsa a Tokiyo. Ko ƙa'idar da aka tsara a takardar ƙa'idojin intanet mai suna RFC 6335 a 2011, cewa suna kada ya wuce harafi 15, ta burge ni, domin gajeren suna ba ya wahalar da mai bugawa.

Marigayi Jon Postel, wanda ya jagoranci IANA, ya riƙe wannan amana har rasuwarsa a 1998, ku kuma ba ku bar ta ta faɗi ba. Kundin a buɗe yake ga kowa, ban taɓa biyan ko sisi don duba shi ba.

Allah ya saka muku da alheri, ya ƙara muku ƙarfin gwiwa.

Naku mai godiya,
Wani mai kula da kwamfutoci, Kano