Sayen saniya ba jahilci ba ne

Assalamu alaikum Malam Edita, barkanku da aiki.

Wallahi shirinku na daren Laraba ya ɓata mini rai kuma har yanzu abin bai sake ni ba. Baƙon nan naku ya ce wai mu mutanen arewacin Kamaru ba mu san zuba jari ba, da kuɗi sun shigo sai mu ruga kasuwar Adumri mu sayi saniya ko mu cika ɗaki da buhunan masara, maimakon mu kai banki ko mu sayi hannun jari da takardun bashin gwamnati a Duwala. Shi kuma mai gabatarwa sai "haka ne, haka ne" yake ta yi, ko sau ɗaya bai ja da shi ba.

To bari in gaya masa abin da idona ya gani. A Janairun 1994 babana, Allah ya jiƙansa, yana sayar da atamfa a babbar kasuwar Garwa, ya tara kuɗin sari kenan aka wayi gari an karya darajar sefa da rabi, faran ɗaya na Faransa da ake canzawa sefa 50 ya koma 100. Ina ƙarami amma ban manta ba, ya zazzage kuɗin a kan tabarma bayan sallar isha yana ƙirgawa yana sake ƙirgawa, ko dala ba ta ɓace ba amma kayan waje da za su sayo sun koma rabi. Ƙanensa da ya zuba nasa a bijimai biyu shi ne ya ɗaga shi daga baya. Wannan ne jahilcin?

Baƙon ya ce ai sefa a ɗaure take da yuro, 655 da ɗoriya, ba ta motsi. Mun ji. Amma litar fetur da take 630 ta koma 730 a 2023, ta koma 840 a 2024, ga Tinubu ya cire tallafi a Najeriya zuwa-zuwa, wato fetur ɗin sumoga da muke lallaɓawa da shi, ma ya tashi, kuɗin mashin ya tashi, komai ya bi. Kuɗin da ke kwance a asusu ba sa bin tsadar nan, saniya kuwa tana bi, ta haihu, a sha nono.

Ni ma na taɓa jin irin shawararsa, na kai kuɗin albasata na shekara guda wani ƙaramin banki a nan gari, wata rana na je na tarar da kwaɗo a ƙofa, mata 'yan adashi zaune a ƙasa suna kuka riƙe da littattafan ajiyarsu. Nawa littafin yana nan cikin akwati har yau. Sannan takardun bashin da yake yabo ai kuɗin ruwa ake biya a kansu, kuma ya san yawancin masu sauraronku ba za su ci kuɗin ruwa ba, me ya hana shi taɓo wannan? Ban ce kiwo ba shi da haɗari ba, akwai ciwo akwai ɓarayin shanu, amma a kawo wanda ya san duka biyun.

Af, kuma don Allah ku riƙa maimaita shirin da safe. Ga dam ɗin Lagdo a gefenmu amma kullum sai an ɗauke wuta, ƙarshen shirin ma a rediyon maƙwabcina mai batir na ji shi.

Naku mai sauraro a kullum, daga Garwa.