Dokar kare jami'an iyakar Amurka daga fentanil: a gyara zancen taɓawa

Assalamu alaikum, Malam Edita.

Ina neman fili a jaridarku in tofa albarkacin bakina kan dokar da Amurka ta kafa don kare jami'an kan iyakarta daga ƙwayar fentanil da ire-irenta. Dokar ta dace, ba ni da ja a kanta. Abin da ke damuna shi ne zancen da ake liƙa mata, wai da zarar garin ya taɓa fatar jami'i sai ya yanke jiki ya faɗi. A matsayina na ma'aikacin jinya, wannan magana tana buƙatar gyara.

Ga yadda aka zo ga dokar. A 2019 ofishin babban sufeto na Ma'aikatar Tsaron Cikin Gida ta Amurka ya fitar da rahoto cewa hukumar kwastan da tsaron iyaka, wato CBP, ba ta ba ma'aikatanta kariyar da ta kamata. A wasu rumbunan da ake ajiye fentanil da aka kama babu naloxone, maganin da ke karya ƙarfin ƙwayar, a wasu kuma akwai shi amma an kulle shi cikin akwati. Maganin gaggawa a kulle! 'Yar majalisa Yvette Clarke ta New York ta gabatar da ƙuduri, aka shigar da shi cikin babbar dokar kasafin kuɗi da aka sa wa hannu a Disamban 2020. Dokar ta wajabta wa CBP rubutaccen tsari, da horo, da kayan kariya, da naloxone a kusa, kuma ba a manta da karnukan da ke shinshino kaya ba.

Babu mai musun haɗarin fentanil. Ya ninka hodar heroin ƙarfi kusan sau 50, miligiram 2 kacal na iya kashe mutum, kuma a 2022 shi da danginsa sun kashe sama da mutum 70,000 a Amurka. Amma kisansa sai ya shiga jini, ta allura ko shaƙa ko haɗiya. Tun 2017 manyan ƙungiyoyi biyu na likitocin guba a Amurka suka fitar da matsaya cewa da wuya ƙwarai taɓa garin bisa tsautsayi ya sa wa mutum guba. Ko filastar fentanil da ake manna wa masu ciwon daji, wadda aka ƙera musamman don ta ratsa fata, sai ta yi sa'o'i kafin ta fara aiki. Shawararsu ba ta da wuya: safar hannu ta roba, takunkumi idan gari na tashi, a wanke fata da ruwa, kada a goga sanitaiza mai barasa.

A 2021 ofishin sherif, wato shugaban 'yan sandan gunduma, na San Diego da ke jihar California ya saki bidiyon wani jami'i da ya zube bayan binciken mota, aka ce fentanil ne. Likitoci da dama suka ce sam abin bai yi kama ba. Wanda fentanil ya kama numfashinsa raguwa yake, ƙwayar idonsa ta tsuke, barci ya danne shi. Bugun zuciya da haki da jiri kuwa alamun firgici ne. Ba raina jami'in nake ba, don wanda aka shekara ana gaya masa garin nan mutuwa ne, dole jikinsa ya amsa ran da ya gan shi a hannunsa.

Illar tsoron nan ga mai shan ƙwayar take komawa. Wanda numfashinsa ya tsaya mintuna kaɗan gare shi, in kuwa jami'in da ke kansa na tsoron taɓa shi, sai ya cika kafin a kai ga fesa masa naloxone a hanci. Shi ya sa nake ganin ƙashin bayan dokar shi ne horon, muddin likitocin guba ne za su tsara shi.

Mu ma abin bai yi mana nisa ba. Tiramol da jami'an NDLEA da na kwastan ke kamawa kwantena-kwantena a tashoshin Apapa da Onne daga wannan dangi yake, ko da yake bai kai fentanil ƙarfi ba. An kuma gano sinadaran nitazene, masu aiki irin na fentanil, cikin kush, kayan mayen da ya sa Saliyo ayyana dokar ta-ɓaci a 2024. Ina roƙon 'yan majalisarmu su tambayi shugaban NDLEA, Janar Buba Marwa, da shugabannin kwastan: shingaye nawa ne ke da naloxone a yau, kuma wa aka koya wa amfani da shi?

Na gode.
Mai karatunku, daga Kaduna.